Ki fara da raba shararki gida biyu, ƙanwata

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da zuwa Ikko, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Kin ce an kawo ki Mile 12 daga Zariya, ɗaki biyu gare ki a gidan haya, babu tsakar gida balle fili, kina son sanin ko akwai abin da za ki riƙa yi kullum don kare muhalli. Akwai. Ni a Agege nake, a nan na haifi 'ya'yana na aurar, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne kada ki yarda jiƙaƙƙiyar shara ta haɗu da busasshiya.

Ki sami bokiti mai murfi, nan za ki riƙa zuba ɓawon doya, ɓawon albasa, ƙayar kifi da ragowar abinci. Sai buhun shinkafa wanda ya ƙare, ki rataye shi bayan ƙofa, ki tara gorar ruwa, gwangwanin madara da na tumatir, kwali da ledar fiya wata. Ki ɗauraye gwangwanin tukuna, in ba haka ba kyankyasai za su yi miki sallama. 'Yan jari bola, waɗanda galibinsu yaranmu ne na Arewa, suna auna ƙarfe da alminiyam da roba su biya ki. Amma da zarar miya ta zube a kan kwali, ko gora ta kwana cikin ruɓaɓɓen abinci, ba mai ɗauka. Sai dai mota ta kwashe ta kai Olusosun, wannan tsibin juji na Ojota da kike jin warinsa in kin biyo hanyar. Kuɗin da za ki samu bai taka kara ya karya ba, na sabulu ne, amma za ki ga shararki ta ragu ƙwarai, ta kuma daina ɗoyi da wuri.

Inda nake son ki tsaya ki saurare ni shi ne maganar kwata. Motar PSP, wato masu kwasar shara da LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar Legas, ta ba izini, wani lokaci takan yi jinkiri. To sai ki ga hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, mata suna fitowa da kwanduna suna juyewa cikin lambatu, wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Legas ƙasa ce mai kwari, ga teku ga tafki, ruwan da ƙyar yake samun hanya ko da magudanar a buɗe take. Ledar da aka zuba a bakin layi ita ce ke toshe ƙarƙashin gada, ruwan ya dawo ya shiga ɗakin talaka. Na ga maƙwabciyata tsaye cikin baƙin ruwa har gwiwa, ta ɗora jaririnta a kan tebur, tana ƙoƙarin ɗaga buhun garin da ta saya da kuɗin adashi. Abin yana ci mini rai har yau. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a garin nan, ta kashe mutane, kuma ƙazamin ruwa ne hanyarta. Don Allah ko motar ta yi latti, ki ɗaure shararki ki ajiye. Kada kuma ki ƙona, hayaƙin leda yana kama ƙirjin yara, ga ɗakunanmu a manne da juna.

Leda kuwa, ai ke kika fi kowa sauƙi tunda kasuwar Mile 12 tana bakin ƙofarki. Ki riƙa fita da kwandonki ko jakar buhu, mai tumatir ya juye miki kai tsaye. Gwamnatin jiha ta hana farar robar nan ta takeaway tun watan Janairun 2024, sannan daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da hanin leda marar kauri da cokulan roba da tsinken shan lemo. Ledar fiya wata da gora ba sa cikin hanin, shi ya sa har yanzu su ne suka cika kwatoci. In da hali, ki sayi babbar jarkar ruwa ko ki tafasa na rijiyar burtsatse ki tace.

Akwai wata al'adarmu da nake fata mu bari, wato malmala tuwo mai zafi cikin leda. Gida ɗaya sai ya zubar da leda fiye da goma a cin dare kawai. Ki kwashe da mara ki jera a kula, haka iyayenmu suka yi. Alale ma ki duba yadda matan Yarbawa ke naɗe shi da ganye, ana sayar da ganyen ƙulli-ƙulli a kasuwarku, kuma ya fi ƙamshi. Gwangwanin madara ma yana yi.

Batun wuta da gas ba sai na ja ba, tsada ta riga ta koya wa kowa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, ki kashe soket in za ki fita. Ruwan ɗaurayar wanki ki kora bayi da shi, kuɗin mai ruwa zai ragu. Janareto kuma ki roƙi maigida kada a taɓa kunna shi a baranda ko bakin taga, hayaƙinsa ya sha kashe iyali gaba ɗaya cikin barci.

Da kin ɗan saba da matan gidan, ki tambayi yadda ake haɗa kuɗin PSP, domin gidan da bai biya ba shi ake tsallakewa. In suna biya ki shiga, in ba sa yi ki sa maigidanki ya yi wa mai kula da gidan magana a sami ganga ɗaya mai murfi a ƙofar gida, kowane ɗaki ya riƙa ba da nasa kason a ƙarshen wata.