Likita Ya Amsa: Ƙwayoyin Da Ke Dakon Magani Cikin Jiki

Wani ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya tambaya: Likita, mene ne nanojel da ake cewa yana kai magani inda ciwo yake?

Ɗana, ka taɓa jiƙa ƙaro ka ga yadda yake shan ruwa ya kumbura ya yi danƙo? To daga nan za ka fara. Ƙaro da sitaci dangi ɗaya ne, dogayen sarƙoƙin sukari da masana ke kira polisakarayid. A danginsu akwai kitosan, da ake cirowa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da aljinet na ciyawar teku. Su ake dunƙulewa ƙwayoyi ƙanana da ake kira nanojel, galibi ba su wuce nanomita 200 ba. Ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi guda shi ne nanomita. Ƙwayar kamar soso take: ta sha magani, ta kare shi a hanya, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Wasu ma sai sun tarar da tsami, irin na kewayen ƙarin ciwon daji, kafin su sauke kaya. 'Yar dako ce kawai, ba ita ce maganin ba. Amfaninta ya fi fitowa a magani mai ƙarfi kamar dokzorubisin, wanda ke kashe ƙwayoyin daji amma yana taɓa zuciya.

Wata Hajiya daga Tibiri: Na gaji da allurar insulin. An ce an yi insulin da ake haɗiya, in daina allurar?

A'a, Hajiya, kada ki fasa ko sau ɗaya. Insulin furotin ce, in kin haɗiye ta ciki zai narkar da ita kamar tsokar nama. Shi ya sa tun 1922 da allura ake ba da ita. Ana gwada naɗe ta cikin kitosan da aljinet don ta wuce ciki lafiya ta isa hanji, amma aikin bai bar hannun masu bincike ba. Na san huda jiki kullum da gajiya. Ki riƙa sauya wurin allurar, kuma ki ɓoye kwalbar daga zafin Maraɗi.

Wani Malam daga Ɗan Isa: Na ga kwalba a kasuwa an rubuta mata "nano", wai tana maganin suga da hawan jini.

Malam, rubutu a jikin kwalba ba ya da wuya. Kai ta wurin mai farmasi ya duba ko tana da rajista, kafin ka kai ta baki.