Me ya sa kullum ake ƙara wa dakarun sa ido wa'adi?

Tambaya: Malam, ina shagona a Kantin Kwari na ji a rediyo an ƙara wa dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Tuddan Golan wata shida. Tun ina yaro nake jin wannan magana. Sun kasa aikin ne, ko cin kuɗi ne kawai? Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

Amsa: Alhaji, ai aikin da aka ba su ne bai kai inda kake zato ba. An girke su a 1974, bayan yaƙin 1973 tsakanin Isra'ila da Siriya, domin su tsaya a tsakani, su yi sintiri, su duba yawan makamai, su kai rahoto. Cewa ga mai ƙasa ba huruminsu ba ne. Tsagaita wuta daban, sulhu daban.

Ka ɗauka maƙwabta biyu ne a Fagge ke rigimar iyakar fili, mai unguwa ya zaunar da wani dattijo a kan tabarma tsakaninsu har alƙali ya yanke hukunci. In shari'a ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, laifin dattijon ne?

Gajeren wa'adin kuwa da gangan ne. Duk ƙari sai ya samu ƙuri'a 9 cikin 15 a Kwamitin Sulhu, kuma kada ɗaya daga manyan ƙasashe biyar ta hau kujerar naƙi. A nan ake ciniki, musamman da Amurka, wadda ta fi kowa zuba kuɗi. A Agustan 2025 an yi wa dakarun Majalisar da ke kudancin Lebanon, inda sojojin Najeriya suka taɓa aiki daga 1978, ƙari na ƙarshe zuwa ƙarshen 2026.

Ni dai tashin dattijon na fi tsoro. A Mayun 1967 shugaban Masar, Gamal Abdel Nasser, ya ce dakarun Majalisar da ke tsakanin Masar da Isra'ila su bar masa ƙasa. Watan Yuni na kamawa yaƙi ya ɓarke.

Akwai kuma inda aka gama lafiya. A 1994 Kotun Duniya ta bai wa Chadi zirin Aouzou, Libiya ta amince. 'Yan sa ido ƙalilan suka je suka shaida ficewar sojojin Libiya, cikin 'yan makonni suka naɗe tabarmarsu.