Ina shayarwa, mura ta kama ni: wane magani zan sha?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina goyon ɗan wata biyu. Tun shigowar hunturu mura ta sa ni gaba, hanci a toshe, kai yana sara. Maigida ya sayo mini maganin mura a kemis, amma ina tsoron sha. Zai taɓa yaron? Ko in dakatar da ba shi nono sai na warke?

Amsa: Wa alaikumus salam, maman jariri. Allah ya raya shi, ke kuma ya ba ki lafiya. Nono dai kada ki dakatar. Mura ba ta bi ta cikin nono, garkuwar da jikinki ke haɗawa ce take bi ta kai ga yaron. Ki yawaita wanke hannu, ki kau da kai in za ki yi atishawa.

Tsoron da kika ji yana kan hanya, domin abin da ake kira maganin mura a kemis yawanci haɗi ne na magani uku ko huɗu a ƙwaya ɗaya. Juya bayan kwalin ki karanta. In kin ga pseudoephedrine, ajiye shi. Yana buɗe hanci, amma yana rage ruwan nono. A wani bincike na 2003, ƙwaya ɗaya mai miligiram 60 ta rage nonon masu shayarwa da kashi 24 cikin ɗari. Sai a yi ta ɗura wa mace kunun kanwa ana cewa nononta ya ƙafe, alhali ƙwayar mura ce. Chlorpheniramine, wato Piriton, shi kuma yana sa barci, ke da yaron duka. In majina ta dame ki, loratadine ko cetirizine sun fi shi.

Ciwon kai da na jiki kuwa, farasitamol ya isa: ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk awa 6, kada su wuce 8 a kwana ɗaya. Ki lura, yawancin haɗin nan akwai farasitamol a ciki, in kika ƙara Panadol a kai kin ninka, hanta ce za ta ɗauki nauyin. Ibuprofen ma babu laifi in ba ki da gyambon ciki. Asfirin ki bar shi.

Wanda na fi ja miki kunne a kai shi ne kodin. Jiki yana mayar da shi mofin, wato magani mai ƙarfi na kashe zafin ciwo da ke bi ta nono, wasu matan kuma jikinsu na yin hakan da sauri, har jariri ya yi barci mai nauyi numfashinsa ya yi ƙasa. Najeriya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yanzu yana yawo a bayan kanta. Haka ma tiramol, kada ki kusance shi.

Hancin ki ɗiga masa ruwan gishiri irin na kemis, ki yi surace, ki sha ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami. Zumar taki ce ke kaɗai, ba a ba yaro sai ya cika shekara. In kin shafa Robb, kada ya kai kan nono. Amfisilin da ake haɗa wa mutane a ƙulli ba ya komai ga mura.

In zazzaɓi ya haura kwana 2, ko numfashi ya yi wuya, ko nono ya kumbura ya yi zafi, ki je asibiti a duba ki, a gwada maleriya. Yaron kuwa, da jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, a ranar za ki kai shi.