Jar shinkafa, zuma da ciwon suga: amsoshin likita

Likita, waakye (shinkafa da wake) da muke saya da safe, ita ce jar shinkafar da ake yabawa? (Ɗalibi, Asawase)

A'a, ɗana. Karan dafi ne ya rina ta. Jar shinkafa ita ce wadda aka cire wa buntu kawai, aka bar dusarta, irin wadda ake nomawa a Avatime ta yankin Volta a ƙasar Ghana. Amma waken da ke cikin waakye abinci ne mai kyau. Ka dai rage taliya da garin da ake zuba maka a kai.

Mahaifina yana da ciwon suga. Wani mai magani ya ce ya bar shinkafa kowace iri, ya riƙa shan zuma cokali uku safe da yamma, ya kuma ajiye ƙwayoyin asibiti. Tsakanin jar shinkafa da zuma, wanne ya fi masa amfani? (Wata baiwar Allah, Aboabo)

'Yata, kafin komai, Baba ya koma kan maganinsa, kuma ku kai shi asibiti a gwada jininsa cikin makon nan. In kin ga yana yawan fitsari da ƙishirwa, ko amai, ko ya fara ruɗewa, kada ku jira gari ya waye. Ku nufi babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi ko asibitin da ya fi kusa da ku.

To, ga lissafin. Giram 100 na dafaffiyar jar shinkafa na ɗauke da kalori wajen 120, da sitaci kamar giram 25, da furotin giram 2 zuwa 3, da ɗan harza mai rage saurin narkewar abinci. A dusar nan kuma akwai bitamin B1 da sinadarin magnesiyam, waɗanda injin gogewa ke zubar da yawancinsu in zai fitar da farar shinkafa. Giram 100 na zuma kuwa kalori 304 ne, kuma kusan giram 82 a ciki suga ne zalla. Ragowar yawanci ruwa ne. Furotin bai kai rabin giram ba, harza kuma kusan babu.

Babban cokali ɗaya na zuma yana da suga giram 17. Cokali shida a rana ya haura giram 100 ke nan, wato kamar ƙaramin cokalin shayi 25 na suga. Da a ce wani ya miƙa wa Baba wannan sugan a kofi, da kun kore shi daga gidan. Amma da yake sunansa zuma, har godiya ake yi masa. Wannan abu yana ci mini rai, domin ƙarshensa muna ganinsa a gadon asibiti: ƙafa ta rube, ido ya dushe, ƙoda ta gaji.

Na san abin da Baba zai ce: Allah ya ambaci waraka a cikin zuma a Suratun Nahli. Haka ne, ba na jayayya da wannan. Sai dai kasancewar abu magani bai sa ya dace da kowace cuta, a kowane adadi ba. Zuma ba ta gyara abin da ya samu matsala a jikin mai suga, wato insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Inda take yi masa rana shi ne idan sugansa ya faɗi ƙasa da 4 (mmol/L) a na'urar gwajin suga, yana gumi yana karkarwa. Nan cokali ɗaya zai ɗago shi, muddin yana cikin hayyacinsa. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a ɗauke shi sai asibiti.

Ita ma jar shinkafar ba a ci ta a ƙoshi har wuya ba. Tana ɗaga suga, sai dai a hankali fiye da fara. Ya ci kamar dunƙulen hannunsa, miyar ayoyo ko kontomire (ganyen gwaza) ta fi shinkafar yawa, da kifi ko wake a gefe. In an taɓa ce masa ƙodarsa ta taɓu, ya fara tambayar likitansa, domin jar shinkafa ta fi fara yawan fosfaras da fotashiyam. In kuma kuɗin magani ne ya kai shi wurin mai zumar, ku sabunta katinsa na inshorar lafiya, wato NHIS. Ku dai kai shi, don Allah.

Surukata na son a lasa wa jaririna ɗan wata biyu zuma don cikinsa ya kwanta. (Mai jego, Tafo)

Kada ki yarda, ko ɗigo ɗaya, sai ya cika shekara. Zuma, komai kyanta, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim. Hanjin babba yana iya da ita, na jariri ba ya iyawa. Gubarta na kashe jiki: yaro ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, wuya ya saki, har numfashi ya tsaya. Ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi cewa likita ne ya hana, ta ɗora laifin a kaina. Nono kaɗai ya ishe shi har wata shida. In an riga an ba shi, kika ga ɗaya daga cikin alamun nan, ko ya daina kashi, ki kai shi asibiti nan take.

Zuma tana maganin tari? (Tela, Asokore Mampong)

Tana sassauta tarin mura ga wanda ya wuce shekara ɗaya, ƙaramin cokali da dare. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, Malam, gwajin tarin fuka yake buƙata.

An ce in ɗiga zuma a ido don ya washe. (Dattijo, Sawaba)

Haba Alhaji! Zumar da aka ɗura a tsohuwar kwalba aka shanya a rana a kasuwar Kejetia, ita za ka sa a idonka? In yanar ido ce, aiki ake yi mata, ba ta narkewa da zaƙi. Ka je a duba, a haɗa da gwajin suga da hawan jini.

Me ya sa jar shinkafata ke saurin yin wari? (Uwargida, Moshie Zongo)

Man da ke cikin dusar ne ke lalacewa. Ki sayi abin da za ki cinye cikin 'yan watanni, ki rufe a mazubi mai murfi nesa da zafi. Wadda ta yi fumfuna kuma, zubarwa za ki yi, wanki ba ya gyara ta.