Rabin tsayin bokiti ba rabin kaya ba ne

Wata 'yar kasuwa mai sayar da sabulun ruwa ta aiko da tambaya. Tana saro kaya da lita, tana sayarwa da bokiti, amma duk ƙarshen wata lissafi ba ya fita. Ta ce bokitin nata bakinsa ya fi gindinsa faɗi, ta yaya za ta san lita nawa yake ci?

Hajiya, ki samo tef ɗin awo ki auna daga cikin bokitin, kada ki haɗa da kaurin roba. Abu uku ake bukata: faɗin baki, faɗin gindi, da zurfi. Shi zurfin a miƙe za ki auna shi, ki tsayar da sanda a tsakiyar bokitin, domin gefensa a karkace yake, zai ba ki lamba fiye da gaskiya.

Mu ce baki santimita 30 ne, gindi 22, zurfi 28. Ki raba faɗin nan biyu gida biyu-biyu, ki samu 15 da 11. To, 15 sau 15 ya ba da 225, 15 sau 11 ya ba da 165, 11 sau 11 kuma 121. Jimla 511. Ki ninka ta da zurfin, wato 28, ki sake ninkawa da 3.14, sannan ki raba da 3. Za ki samu kusan 14,976. Kowace 1,000 lita ɗaya ce, ke nan bokitinki lita 15 yake ci. Wanda ya yi lissafi da faɗin baki kaɗai zai ce lita 20 saura kaɗan, ya ƙara kusan lita biyar da babu su.

Amma inda nake zargin kuɗinki ke zurarewa shi ne wajen sayar da rabi. Ido yana raba bokiti ne da tsayi. A wannan bokitin, santimita 14 na ƙasa lita 6.3 suke ɗauka, na sama kuwa lita 8.6. Idan kika tsiyaye cikakken bokiti har ya sauka tsakiya kika karɓi kuɗin rabi, kin bayar da fiye da lita ɗaya kyauta. Idan kuma daga ƙasa kika cika zuwa tsakiya kika karɓi kuɗin rabi, mai saye kika tauye, ko da ba da niyya ba, kuma wannan ya fi asarar tayar mini da hankali, domin haƙƙin mutum ne. Rabi na gaskiya yana wajen santimita 16 daga gindi.

Haka ɗan ƙarin da ake yi a baki. Kusa da saman bokitin nan, santimita ɗaya kacal ya kai kusan kashi bakwai cikin goma na lita. A bokiti goma, lita bakwai sun tafi.

Ki tabbatar da lissafin da ruwa, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce: ki ɗora bokitin a sikeli babu komai, ki cika shi ki sake aunawa, ki cire na farko daga na biyu. Da ruwa kawai za ki yi wannan gwajin, don nauyin sabulu daban ne. Daga nan ki riƙa zuba lita ɗaya-ɗaya da ma'aunin da kika amince da shi, kina sa alama da fenti a cikin bokitin. Kuɗin lita za ki fara tsayarwa, na bokiti da na rabi su biyo bayan alamomin.