Ina Zan Samo Tsohuwar Waƙar Da Babu Ita A Intanet?

Tambaya: Malam, marigayi mahaifina yana yawan rera wata waƙar Narambaɗa. Na duba YouTube har na gaji, ban same ta ba. Baiti biyu kawai nake riƙe da su. Ina zan dosa?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Baitocin nan biyu ka riƙe su da kyau, domin da su ake nema. Yawancin waƙoƙin makaɗan fada da sunan wanda aka yi wa ake kiransu, ko da amshinsu. Narambaɗa makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa, don haka ka fara da ƙasar Isa da Shinkafi. Ka rera wa dattawa da tsofaffin masu sayar da kaset abin da ka sani. Sau da yawa wani zai karɓe maka amshin kafin ka kai ƙarshe.

Ka kuma san cewa waƙa ɗaya tana da ɗauka iri-iri. Faifan garmaho na da, kowane gefe bai wuce kamar minti 3 ba, dole makaɗi ya taƙaita. Amma wadda aka ɗauka a fada ko gidan biki tana iya ninka haka sau da dama, da kirari da gaisuwar mahalarta da sababbin baitoci. Wataƙila abin da mahaifinka ya ji ke nan. A ganina daɗin wannan nema yana nan: ka sa kaset ɗin da kake zaton ka san abin da ke ciki, sai ka ji makaɗin ya ɓullo da ɗiyan waƙa, wato baitocin da ba ka taɓa ji ba, muryar 'yan amshi tana tashi a bayansa.

Bayan kasuwa, ka gwada Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962 kuma ya ɗauki makaɗa da yawa, da sashen Hausa na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya. A Yamai akwai cibiyar CELHTO mai tattara adabin baka.

In Allah ya sa ka samu kaset ɗin, kada ka yi gaggawar jefa shi a kowace rikoda. Ka duba ko zaren ya yi fumfuna ko ya manne, ka juya shi a hankali da biro, sannan a kwafe shi a kwamfuta tun a jin farko, don tsohon zare yakan tsinke. Ka rubuta wanda ya ba ka da inda aka ɗauka, ka tura wa 'yan'uwa da dama kwafinsa.