Me ya sa ba a ba da tsohon magani kai tsaye idan annoba ta zo?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya hana a raba magungunan da muka saba da su, irin kulorokwin da ivermectin, da zarar sabuwar annoba ta ɓarke. Ana ɗauko su, amma sai an gwada tukuna. Ribar tsohon magani ita ce an san illolinsa da adadin da jiki ke ɗauka, kuma kamfanoni na sarrafa shi. Ko zai kama sabuwar cutar, wannan magana ce daban.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne sakamakon ɗakin gwaji. A watan Afrilun 2020 masu bincike a jami'ar Monash ta Ostareliya suka nuna ivermectin yana kashe ƙwayar korona a cikin faranti. Sai dai ƙarfin da suka zuba ya ninka abin da ke kaiwa jinin mutum nesa ba kusa ba, ko da an sha ƙwayar Mectizan, wato ivermectin ɗin da ake rabawa saboda makantar rafi. Shi kuma kulorokwin a ƙwayoyin halittar ƙodar biri da aka raina a faranti ya yi aiki. Amma a huhun ɗan Adam cutar na shiga ta wata ƙofa da bai toshe ba. Ga shi yana rikita bugun zuciya idan ya yi yawa, har a Legas an kwantar da mutane saboda gubarsa a Maris ɗin 2020.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a kasa majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a bar wasu kan kulawar da aka saba, sannan a ƙirga mace-mace bayan kwana 28. Haka gwajin RECOVERY na jami'ar Oxford ya yi, ya kori hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin, ya kuma fito da dexamethasone, wani tsohon maganin kumburi, a watan Yunin 2020: miligiram 6 sau ɗaya a rana, har kwana goma. Dexamethasone ya rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, ɗaya bisa biyar ga masu shan iskar oksijin.

Amma lura da lokaci. Dexamethasone ba ya kashe ƙwayar cutar, kwantar da garkuwar jiki yake yi idan ta haukace tana cin huhu. Wanda bai buƙaci oksijin ba bai amfana ba, yana ma iya cutuwa. Mai ciwon suga kuwa dole a riƙa auna sugan da ke jininsa, domin maganin na ɗaga shi sosai.